Rakiya Zuwa Shagon Bindiga

Ranar Laraba da hantsi Arvid Lindqvist ya tsayar da a-kori-kurarsa a ƙofar gidan Verna, ya ƙi fitowa. Sai da ta leƙo ta taga sau biyu sannan ta zura rigar sanyi ta fita. Shekara arba'in da ɗaya suna maƙwabtaka, gidajensu biyu ne kacal a ƙarshen wannan hanyar tsakuwa, kuma ba ta taɓa ganin ya zo bai shigo ya sha kofi ba.

"Lafiya, Malam? Ko kujerar motar ce ta riƙe ka?"

"Alfarma na zo nema," ya ce, idonsa a kan sitiyari. "Shagon Duane za ki raka ni."

"Wane Duane?"

"Duane mai bindigogi."

Verna ta yi dariya har da dafa ƙofar motar, kuma babu mai ganin laifinta. A wannan yanki namu na arewacin Wisconsin, inda makon farautar barewa ke kwashe maza daga gari har da fasto, Arvid kaɗai ne ya kai shekara saba'in da biyu bai taɓa danna kunamar bindiga ba. Malamin kiɗa ne a makarantar sakandare kafin ya yi ritaya, rabin garin shi ya koya wa busa da ganga, ranar Lahadi kuma shi ne a kan piyanon coci. Marigayi Gene, mijin Verna, ya yi shekara talatin yana jan sa daji, shi kuma kullum amsarsa ɗaya: kunnuwansa ne jarinsa, ba zai kai su inda za a fasa masa su ba. Mutumin da ko ciyawa zai yanke da inji sai ya cusa auduga a kunne.

"Kin san an ɓalle mini ɗakin ajiya wancan watan," ya ce. "Sun ɗauke zarton inji. Na kira 'yan sanda, sai bayan minti hamsin suka iso. Yanzu kuma ni kaɗai ne a gidan."

Gaskiya ya faɗa. An yi satar, ita ma ta ga kwaɗon da aka karya. Kuma tun da Lorna, matarsa, ta rasu a watan Afrilu, babu mai motsi a gidan nan sai shi.

"To, ka je ka saya mana. Ni mene ne nawa a ciki?"

"Jiya na je. Duane ya ce ba ya sayar wa sabon shiga sai ya gwada bindiga uku a ɗakin harbinsa. Kuma ba ya ba mutum ɗaya hayar bindiga. Sai da ɗan rakiya."

Nan dariyar Verna ta tsaya. Ta san wannan doka, kowa ma ya san ta, kuma kowa ya san dalilinta, ko da yake ba za ka taɓa jin an faɗa a gaban mutane ba. An sha samun wanda zai shigo shi kaɗai da fara'arsa, ya karɓi bindigar haya, ya shiga ɗaki, ya juya ta kansa. Shi ya sa ake cewa ka zo da wani. Ɗan rakiya ba ya sa hannu a takarda, ba a tambayarsa komai. Tsayuwarsa kawai a gefenka ita ce shaidar cewa lafiyarka ƙalau.

Ta dubi Arvid. Ya yi aski, ya sa rigar zuwa coci. Ta ce a ranta doka ce ta kowa da kowa, ba don shi aka kafa ta ba. Ta koma ciki ta kashe murhu, ta ɗauko jakarta.

Sun wuce gadar rafi sannan ta lura babu tsohon bargon kare a kan kujera.

"Ina Otis?"

"Na ba iyalin Brandt. Suna da yara, zai fi samun wajen gudu."

Otis karen Lorna ne, ƙaramin abu mai baki, wanda ko ganye ya faɗi a tsakar gida sai ya sanar da duniya.  Mu mutanen nan muna da wani hali da muke kira ladabi: tambaya ɗaya muke yi, idan aka ba mu amsa, ko da ta fi rariya huji, sai mu ce "to, madalla," mu koma zancen yanayi. Haka ta yi. Ta ce da alama sanyi zai sauko da wuri bana, shi kuma ya ce da alama. Amma har suka hau kwalta zuciyarta na nanata mata cewa mai tsoron ɓarayi ba ya kyautar da kare.

Shagon Duane Kessel yana bayan gidan mai, dogon gini na kwano, gaba kanti, baya ɗakin harbi. Duane ya haura hamsin, ga tumbi ga gemu, amma yana ganin Arvid ya miƙe tsaye kamar ɗan aji biyu.

"Malam Lindqvist, ka dawo. Kuma ka zo da babbar sojar unguwa. Anti Verna, har yanzu hannun nan yana nan?"

"Ya fi naka, Duane. Ina shekara goma sha biyu na kayar da barewata ta farko, lokacin ko uwarka ba ta san ubanka ba."

"Na sallama." Ya juya ga Arvid yana murmushi. "Malam, yau dai ni ne malami. Ka tuna abin da ka rubuta mini a takardar sakamako? Wai a ba ni babbar ganga, don ita kaɗai ce ba zan iya lalatawa ba."

"Kuma ka lalata ta," in ji Arvid. Suka yi dariya su uku, har Verna ta ji ɗan sauƙi a ƙirjinta.

Duane mutum ne mai son aikinsa, kuma yana da tambayoyin da yake yi wa kowane sabon shiga. Wa ke gidan bayan kai? Jikoki na zuwa? A ina za ka ajiye ta? Yaya ƙarfin yatsunka? Ya shimfiɗa bindigogi uku a kan ƙyalle. Ta farko doguwa ce ta harbin tsuntsu, ya ce don tsaron gida babu kamarta, ƙarar ɗana ta kawai ta ishi ɓarawo ya tuna yana da uwa. Ta biyu ƙarama ce mai ɗan siririn harsashi, ba ta dukan hannu, ita ce ta koyon saiti, mutum ya wuni yana harbi bai gaji ba. Ta uku libarba ce, bindigar hannu, baƙa, gajeriya.

"Ita wannan ba ta da wayo," ya ce. "Ba ta maƙalewa, ba ta gardama. Amma tana da duka, kuma koyon saiti da ita sai mai haƙuri."

"Ba ta maƙalewa," Arvid ya maimaita.

"Ko ta shekara goma a aljihun tebur."

Verna ta taso cikin bindigogi, kuma ta raka maza da yawa sayen ta farko, daga ƙannenta har 'ya'yan ƙannenta. Ta san yadda suke yi. Sai sun ɗaga sun juya, sun auna bango, sun tambayi abin da ba su fahimta ba da wanda suka fahimta don dai a san su ma sun sani. Arvid bai taɓa ta farko ba, bai dubi ta biyu ba.

Suka sa abin toshe kunne da tabarau suka shiga ciki. Wani mutum yana can layin ƙarshe shi da babbar bindigarsa. Duane ya maƙala takardar saiti, ya tura ta taku bakwai, ya tsaya a kafaɗar Arvid yana gyara masa tsayuwa. Arvid ya harba doguwar sau biyu, ƙaramar sau biyar, duk yadda aka ce ya yi haka ya yi, ba musu. Da aka jawo takardar, Duane ya nuna huji biyu da suka kusa tsakiya.

"Kai, Malam, ashe ɓoye mana ka yi. Dubi nan."

Arvid ya ce madalla, amma bai duba ba. Verna na kallonsa. Idonsa yana kan libarbar da ke ajiye a kan benci.

Duane ya fara bayanin yadda ake buɗe ta. Arvid ya zame abin toshe kunnen zuwa wuyansa don ya ji da kyau. Daidai nan mutumin layin ƙarshe ya saki wuta, ƙarar da ta girgiza kwanon ginin, har Verna da kunnenta ke toshe ta ji ta a haƙoranta. Arvid ko gezau. Bai kai hannu kunne ba, bai ɓata fuska ba.

Duane ya yi sauri ya mayar masa da abin a kai. "Malam, kunnuwanka."

"Bar su," in ji Arvid. "Sun gama aikinsu."

A hankali ya faɗa, har da ɗan murmushi, kuma Duane ya ɗauka raha ce. Verna kuwa ba ta ɗauka raha ba. Tsoro ne ya kama ta, tsoro na gaske, irin wanda rabonta da shi tun ranar da likita ya kira ta gefe a kan maganar Gene.

Suka dawo kanti. Arvid ya ce libarbar zai ɗauka. Duane ya ɗan yi ƙoƙarin karkato da shi ga ƙaramar, tunda ita ce ta koyon saiti, amma Arvid ya girgiza kai.

"To, shi ke nan. Duk wanda ya sayi ta farko a nan, wata uku yana shiga ɗakin harbi kyauta. Ranar Alhamis da safe tsofaffi ke taruwa, akwai kofi, akwai ƙarya iri-iri. In rubuta sunanka?"

"Kada ka wahalar da kanka."

"Akwatin ƙarfe mai makulli fa? Saboda jikoki."

"Ba sa zuwa sai Kirsimeti."

"Harsashi kwali nawa?"

"Babu ƙaramin kwali?"

Duane ya ɗauko fom ɗin gwamnati da biro ya tura masa. Ya saci kallon Verna, kallo ɗaya, gajere. Ta gane abin da yake nufi. Ke kika zo da shi, ke kika san shi, idan kin yi shiru ni ma na yi.

Arvid ya sa tabaransa ya fara cikewa da wannan kyakkyawan rubutu nasa na malamai. Verna ta tsaya riƙe da jaka da hannu biyu. Idan ta yi kuskure fa? An yi satar nan da gaske. Mutum yana da ikon ya gaji da kare. Idan ta yi magana ta tozarta dattijo a gaban ɗalibinsa, kuma a garin da labari ke riga mota isa gida. Arvid mutum ne da bai taɓa bari an ga hawayensa ba, ko a jana'izar Lorna shi ya kaɗa piyano da kansa, bai yi kuskuren ko ɗan yatsa ɗaya ba. Irin wannan mutumin ba ya yafe a tona shi. Ta san idan ta buɗe baki ta rasa shi, kuma shi kaɗai ya rage mata a cikin waɗanda suka san ta tun tana da baƙin gashi.

Ya kai layin sa hannu.

"Duane," ta ce, "kada ka sayar masa."

Biron ya tsaya. Arvid bai ɗago ba.

"Verna, mene ne haka?"

"Ka kawo ni in tsaya a gefenka don a ce lafiyarka ƙalau. To, ni ban ga haka ba, kuma ba zan tsaya a kan abin da ban gani ba."

"An ɓalle mini ɗaki. Kin gani da idonki."

"Na gani. Ka dube ni ka ce don ɓarayi kake son ta, ni kuma in ba ka haƙuri a gaban Duane, in ba ka a gaban coci ranar Lahadi."

 Arvid ya cire tabaransa, ya naɗe, ya sa a aljihu. Ya dubi kanti, ya dubi ƙofa, bai dube ta ba.

Duane ya sa hannu a hankali ya janye fom ɗin.  "Malam, ka yi haƙuri. Ba yau ba. Ka fi ƙarfin komai a wurina, amma ba yau ba." Ya ɗauko wani ɗan kati daga gefen na'urar kuɗi, mai ɗauke da lambar wayar da ake kira idan rayuwa ta yi wa mutum nauyi, ya ajiye a gabansa.

"Ka kyauta, Duane," in ji Arvid. "Ka gaida mahaifiyarka." Ya fita ya bar katin. Verna ta ɗauke shi ta bi bayansa.

Ta yi zaton zai tafi ya bar ta, amma Arvid ba ya cikin masu barin mace a bakin hanya ko da ta kashe masa uba. Ya buɗe mata ƙofa ma. Suka yi tafiyar mil goma sha huɗu. A ƙofar gidanta ya tsaya, bai kashe mota ba.

"Sauka."

"Ba zan sauka ba."

"Verna."

"Ka faɗa mini na yi kuskure, sai in sauka."

 Da ya yi magana, da muryarsa ta kullum ya yi, wadda yake tambayar ko akwai sauran kofi da ita.

"Ba wannan makon ba ne, in ma abin da ke damunki ke nan. Dankalin da Lorna ta sa na shuka mata kafin a kwantar da ita a asibiti yana ƙasa har yanzu. Na ce sai na haƙe shi tukuna."

 Duk hanyar nan Verna addu'a take yi Allah ya sa ita ce tsohuwar banza mai shisshigi. Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. Ta buɗe jaka ta ciro waya.

"Wa za ki kira?"

"Renae."

Renae ita ce 'yarsa tilo, ma'aikaciyar jinya a Milwaukee, tafiyar awa huɗu. A karon farko tun safe Arvid ya juyo ya dube ta sosai.

"Kin san abin da za ta yi. Za ta zo ta kwashe ni, ta sa gidan a kasuwa. Gidan da na kai Lorna tana amarya. Za su ajiye ni a ɗakin ƙasa kusa da injin wanki, a riƙa ƙirga mini ƙwayoyi. Verna, ban taɓa roƙonki komai ba sai yau. Ki bar wayar nan."

"Na sani," ta ce. "Duk na sani."

"Idan kika kira ta, ni da ke shi ke nan."

"Wannan ma na sani."

Ta danna lambar. Ta zauna a motar nan tare da shi har Renae ta ɗauka, ta faɗi komai a gabansa ba ta rage ko kalma ba. Daga nan ta bi shi gidansa, ta zauna a kicin ɗin Lorna, shi yana falo, har motar Renae ta shigo da la'asar.

Yadda ya faɗa, haka aka yi. Ya yi kwana tara a asibiti, daga can aka wuce da shi Milwaukee. Kafin Kirsimeti an kafa allon sayar da gidan a bakin hanya, kafin ƙanƙara ta narke wasu mutanen Chicago sun sayi gidan don hutun bazara. A coci wasu suka ce Verna ta ceci rai, wasu suka ce ta cika shiga abin da ba ruwanta, dukansu kuma a bayan idonta suka faɗa, a gabanta sai zancen yanayi. Ita ba ta damu da ko ɗaya ba. Kewa ce ke cin ta, don hanyar tsakuwar nan yanzu fitilarta kaɗai ke ci a ƙarshenta.

Kowace Lahadi bayan coci takan kira Renae. Renae ta ce yana cin abinci, yana ganin likitansa, ya fara koya wa ƙaramar jikarsa piyano, har faɗa yake mata a kan yadda take ajiye yatsu. Sannan ta ce, "Anti Verna, bari in kai masa wayar." Sai Verna ta ji takun ƙafa a kan matakala, ta ji an buɗe ƙofa, ta ji Renae na cewa, "Baba, Anti Verna ce."

Daga can nesa kuma muryarsa ta fito, a sarari, da ƙarfinta: "Ki ce mata ina barci."

Renae ta dawo tana kame-kame, tana ba da haƙuri, ta ce wataƙila mako mai zuwa.

"Kada ki damu, 'yata," Verna kan ce. "Na ji shi."

Sai ta ajiye wayar, ta zauna a kicin ita kaɗai har kofinta ya huce. Lahadi mai zuwa kuma ta sake kira.